A Sawun Masu Kala da Masu Fasa Dutse

Kwas ne ya kai ni Faransa, na sauka gidan kawuna a Montreuil, gabashin Paris. Wata Asabar da sassafe ya ce in raka shi kasuwar tsofaffin kaya ta Vanves, wadda ke ci a gefen titi can kudancin birnin ranakun Asabar da Lahadi, ta kuma watse tun rana ba ta yi nisa ba. Shi butar shayi yake nema. Ni kuwa ƙafata ta tsaya a gaban teburin wani dattijo da ya jera dogayen akwatunan kwali, kowanne cike maƙil da tsofaffin katunan gidan waya, irin waɗanda ake rubuta gaisuwa a bayansu a jefa a akwatin wasiƙa ba tare da ambulan ba.

Da ya ji daga inda na fito, sai ya turo mini akwatin da aka rubuta wa “Colonies”, wato ƙasashen da Faransa ta mallaka. Na duba, har na ci karo da Zinder ɗinmu ta zamanin Turawa. Wannan akwati labarinsa daban ne, kuma mai nauyi ne, don haka na mayar masa da godiya. Abin da ya riga ya kama idona yana can ƙarshen tebur, cikin wani akwati da ba wanda ya kula da shi. Kati ne mai launin ƙasa-ƙasa, mata uku a gona bayan girbi, biyu sun duƙa suna tsintar zangarniyar alkama, ta uku ta ɗan ɗago amma bayanta ya ƙi miƙewa. Na san hoton tun daga littafin makaranta, zanen Jean-François Millet ne na 1857. Amma a wannan safiyar ba Millet na tuna ba. Na tuna matan unguwarmu da ke fita kalar gyaɗa bayan masu gona sun kwashe nasu, da ƙwarya a gefe, ba mai ɗaga kai sai in ƙugu ya gaji. Yuro ɗaya na biya.

Kawu ya karɓi katin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wanda ya zana wannan ya taɓa duƙawa da kansa.” Kuma gaskiya ya faɗa. Millet ɗan manoma ne daga ƙauyen Gruchy a Normandiya, an haife shi a 1814, ya yi noma kafin ya riƙe alkalamin fenti.

Daga nan na zama ɗan gida a wajen masu sayar da kati. Na bi kasuwar Saint-Ouen ta arewacin birni, na bi masu sayar da tsofaffin littattafai da katuna a korayen akwatuna a gefen kogin Seine, na shiga Passage des Panoramas, wani tsohon lungu mai rufin gilashi da shagunan masu tara kan sarki suka cika. Ko'ina tsarin ɗaya ne. Ana jera katunan bisa lambar jiha, domin yawancin masu saye garin kakanninsu suke nema: titin ƙauye, tashar jirgin ƙasa, maƙeri a bakin ƙofarsa, ranar kasuwa. Waɗannan su ke da tsada. Katunan da aka buga zanen masu zane a kansu kuwa, a baya ake tura su ƙarƙashin “Tableaux”, wato zane-zane, kuma su ne mafi araha, saboda an buga su ba iyaka tsakanin 1900 da 1914, lokacin da kati ya kasance hanyar gaisuwar kowa da kowa. Wannan arahar ita ta ba ni damar tarawa, kuma daga baya na gane ita ce ma zuciyar al'amarin.

Dattijon Vanves shi ya koya mini karanta kati, kuma ya ce in fara daga baya. Idan bayan fili ɗaya ne ba a raba shi ba, an buga shi kafin 1904, lokacin da doka ta keɓe bayan kati ga adireshi kaɗai. Shi ya sa za ka ga mai aikawa ya cusa saƙonsa a gefen hoton, wani lokaci har a kan sararin samaniyar da Millet ya zana. Daga 1904 aka ja layi a tsakiya, hagu na saƙo, dama na adireshi. Sai kan sarki. Wanda ya fi yawa shi ne mai hoton wata mace tana watsa iri, aikin Oscar Roty, wanda ya fara fitowa a 1903, kore na santim 5, ja na santim 10 (santim ɗari ke yin faran ɗaya, kuɗin Faransa na lokacin). Wanda ya taƙaita gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyar ba, kore zai liƙa. Mutane da yawa a gefen hoton suke liƙa shi, don mai karɓa ya sa katin a albam ya ga komai lokaci guda. Ina da guda ɗaya wanda mai watsa irin ta sauka daidai saman kan masu kala, hatimin gidan waya ya haɗa su duka.

Akwai kuma ƙananan haruffa a kusurwa, alamar gidan da ya buga katin. ND na ’yan uwan Neurdein ne, LL na gidan Lévy, sannan ga Braun, gidan ɗaukar hoto na Dornach a Alsas, wanda ya yi suna wajen ɗaukar hotunan zane-zanen gidan tarihi na Louvre. Masu launi masu kyau sau da yawa daga Jamus suke, daga gidan Stengel na Dresden. Dattijon ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu ya ce in leƙa. A tsohon bugu, wanda suke kira phototypie, ba ka ganin ɗigo-ɗigo a jere, sai ƙananan lanƙwasassun layuka da suka kama tawada, shi ya sa inuwar ke da taushi. Sabon bugu da aka kwaikwaya kuwa ɗigo ne reras a layi. Tun daga ranar ban ƙara fita ba gilashi a aljihu ba.

Rubutun da ke ƙasan hoton ma shaida ne. Tsofaffin katunan suna cewa “Musée du Louvre” ko “Musée du Luxembourg”, gidajen tarihi biyu na Paris, alhali yau kusan duk waɗannan zane-zane suna gidan tarihi na Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka gina don baje kolin 1900, aka mayar da ita gidan zane a 1986. Can na nufa da katina a cikin littafi.

Gani ya kori ji. Zanen masu kala bai kai girman da na ɗauka ba, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya kawai. Sai dai akwai abubuwan da kati ba zai iya ɗauka ba. Hasken da ke can baya fari ne mai zafi, na ƙarshen girbi, kuma a cikinsa ga tulin dami kamar ba za su ƙare ba, ga keken doki ana loda, ga ma'aikata birjik, ga wani a kan doki yana sa ido. Matan uku kuwa suna gaba cikin ’yar inuwa, kallabi shuɗi, ja da rawaya, hannayensu sun yi kauri sun yi ja, abin da ke damƙe a hannun kowacce bai kai a yi tuwon yaro ba. A katin, mai dokin ya zama ɗigo, launi ya tafi. Abin da bai tafi ba shi ne duƙawar bayansu, kuma ita ce maganar da zanen ya zo yi.

Lokacin da aka baje shi a Salon na 1857, wato babban baje kolin zane na Paris, masu sharhi da yawa sun ƙi shi. Juyin juya halin 1848 bai daɗe ba, masu hali suna tsoron talakan karkara, ga shi an kawo musu shi bango ba kwalliya ba murmushi. Millet ya sayar da shi faran 3,000. A 1889, shekara goma sha huɗu bayan rasuwarsa, an sayar da shi faran 300,000, kuma matar da ta saya, Madame Pommery mai kamfanin giyar shampen a Reims, ta bar wa Louvre shi a wasiyyarta. Kusa da shi ga L'Angélus, ƙarami ƙwarai, miji da mata a gonar dankali sun ajiye aiki sun sunkuyar da kai saboda ƙararrawar coci ta buga lokacin addu'a. Millet ya ce kakarsa ya tuna, wadda ke tsayar da su daga aiki in ƙararrawa ta buga don su yi wa matattu addu'a. Wannan ɗan zane an yi gwanjonsa a 1889 a kan faran 553,000, ya tafi Amurka, sannan attajiri Alfred Chauchard ya dawo da shi da kuɗin da ya fi haka, daga bisani ya bar wa Louvre. Don haka duk katin da ka ga an rubuta “Collection Chauchard” a ƙasansa, bayan rasuwarsa a 1909 aka buga shi. Iyalan Millet, mutumin da ya bar ’ya’ya tara, ba su samu ko kwabo daga wannan ciniki ba, kuma ana yawan ambaton labarinsu idan ana maganar dokar da Faransa ta kafa a 1920, wadda ta ba mai zane da magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake gwanjon aikinsa.

Wannan shi ne abin da ya riƙe ni a harkar nan. Zanen talakawa ya fita daga hannun talakawa, ya zama dukiyar masu shampen da masu manyan kantuna. Kati ne ya mayar musu da shi a kan santim kaɗan. Cikin waɗanda na fi so akwai na masu kala mai hatimin 1907. Rubutun na mace ne, da tawada mai ruwan ƙasa, haruffan sun karkata, kurakuran rubutu a kowane layi. Daga Paris take rubuta wa mahaifiyarta a wani ƙauye. Ta ce tana lafiya, uwar ɗakinta ba ta da matsala, za ta aiko da kuɗi ƙarshen wata, kuma tana tambaya ko an gama shigar da hatsi. Cikin dubban hotunan da ke kantin, ga hasumiyar Eiffel, ga manyan tituna, wannan ta zaɓa ta aika gida. Masu tara kati da yawa sun fi son wanda ba a taɓa rubutu a kansa ba, mai kusurwa kaifi. Ni ban yarda da su ba ko kaɗan. Katin da ba a aika ba bai yi aikin da aka yi shi dominsa ba.

Barbizon ba ta da nisa. Jirgi daga Gare de Lyon zuwa Fontainebleau, daga nan mota ta ƙarasa da kai bakin daji. Millet ya koma can da iyalinsa a 1849, ya zauna har rasuwarsa a 1875, kuma gidansa da ɗakin zanensa suna nan a babban titin garin, ƙaramin gida mai gajeren rufi. Akwai kuma masaukin Ganne, inda masu zane matasa ke kwana suna cin bashi, har yau ana ganin zanen da suka bari a bango da ƙofofin kabad. Amma garin kansa ya zama na masu kuɗi, shagunan zane da gidajen abinci masu tsada, ban daɗe ba. Na taka zuwa filin Chailly, inda ƙasa ta shimfiɗu ba tudu ba kwari, na ciro katin L'Angélus na ɗaga shi. Hasumiyar cocin Chailly-en-Bière tana nan can nesa inda ya sa ta. A maƙabartar garin aka binne shi, kusa da abokinsa Théodore Rousseau. Iskar filin tana da kaifi, kuma sai da na tsaya a cikinta na gane dalilin da matan da yake zanawa ke naɗe da tufafi masu kauri haka.

Katunan Rosa Bonheur ba su da wuyar samu, musamman na shanun huɗa na Nivernais na 1849, wanda aka ga ƙasa ta tsage a bayan garma. Haka na Jules Breton da Léon Lhermitte, wanda ya zana masu girbi suna karɓar ladansu a 1882. Na saye su, ina kuma son su, amma ba su suka sa na hau jirgin gabas ba.

Gustave Courbet ne ya sa. Garinsu Ornans yana jihar Doubs, kusa da iyakar Suwizalan. Jirgi mai sauri ya kai ni Besançon, bas ta gangara da ni kwarin kogin Loue. Gidajen garin a kan ruwa suke zaune, barandarsu ta leƙo kogi, sama kuma ga fararen duwatsu sun tsaya a jere kamar an yanka su. Duk wanda ya san zanen Jana'iza a Ornans zai gane duwatsun nan take, domin su ne a bayan masu makoki. Na riga na tsaya gaban zanen a Orsay. Faɗinsa ya haura mita shida da rabi, mutum fiye da arba'in a ciki, kowanne da girman mutum na gaske: limamin coci, magajin gari, mai haƙa kabari a durƙushe, mata da hankici a fuska, har da kare. Duka mutanen garin ne, sun zo ɗakin zanensa ɗaya bayan ɗaya ya zana su. A wancan zamani irin wannan girma na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, shi kuwa ya ba mutanen ƙauye, abin da ya fusata Paris ke nan. A kati mai santimita 9 da 14, fuskokin sun zama ƙwayoyi, ramin kabarin da ke gaba ya zama baƙin tabo. Wannan zane kati bai iya masa ba, ko da wane gida ne ya buga.

Gidan tarihin Courbet yana bakin kogi. A ciki akwai zanen babban itacen Flagey na 1864, wanda ya yi shekaru a Japan kafin a sayo shi a 2013, jama'a suka haɗa hannu da gudunmawarsu aka cika kuɗin. Ƙarshen rayuwar mutumin ba daɗi. Ya shiga cikin gwamnatin ’yan tawayen Paris ta 1871, aka ɗora masa laifin rushe ginshiƙin Vendôme, wani dogon ginshiƙin tarihi da ke Paris, ya yi wata shida a kurkuku, sannan aka yanke masa biyan kuɗin sake ginawa, fiye da faran 300,000, dubu goma kowace shekara. Ya tsere Suwizalan a 1873, ya rasu can ranar 31 ga Disamba 1877, ana gobe za a fara karɓar kason farko. Sai a 1919 aka dawo da ƙasusuwansa Ornans.

Da la'asar na bi hanyar Maisières da ƙafa, da burodi da cukun Comté a jaka. A wannan hanya ne, a ƙarshen 1849, Courbet ya ga mutum biyu suna fasa dutse don gyaran titi, ya tsaya, ya nemi su zo ɗakin zanensa washegari. Abin da ya fito shi ne Masu Fasa Dutse, faɗinsa ya fi mita biyu da rabi. Tsoho mai kimanin shekara saba'in ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan ɗan tulin ciyawa, ya ɗaga guduma, hular kaba ta rufe fuskarsa, wandonsa faci kan faci, dunduniyarsa ta fito ta yagaggiyar safa a cikin takalmin katako. Bayansa yaro ne da bai wuce sha biyar ba, ya juya mana baya, ya tallafo kwandon tsakuwa da gwiwarsa saboda nauyi, rigarsa a yage. Gefe ga tukunya da cokali. Ba ka ganin idon ko ɗaya, kuma tudu mai duhu ya toshe bayansu, sai ɗan sarari kaɗan a kusurwa. Yaron yana fara abin da tsohon ke ƙarewa a kai.

Wannan zane babu shi a Orsay, babu shi a Ornans, babu shi ko'ina. Gidan zane na Dresden a Jamus ne ya mallake shi, kuma ana cewa a watan Fabrairun 1945, ana ƙoƙarin kwashe shi zuwa ganuwar Königstein, bom ya faɗa wa motar da ke ɗauke da shi, ya ƙone tare da wasu zane-zane fiye da 150. Akwai wani ƙarami mai kama da shi a Winterthur ta Suwizalan, amma babban ya tafi. Abin da ya rage hotunan da aka ɗauka ne kafin yaƙi, da littattafai, da katuna. A nan ɗan kwalin da ake rainawa ya zama mai ba da shaida.

Da na dawo Paris na yi ta laluben akwatunan “Tableaux” ban same shi ba. Wata Alhamis a kasuwar Carré Marigny, inda masu kan sarki ke kafa rumfunansu ƙarƙashin itatuwa kusa da Champs-Élysées, na kwatanta wa wata mai rumfa abin da nake nema. Ta ce ai na ɓata lokaci a akwatin Faransa. Tunda zanen a Dresden yake rataye, Jamusawa ne suka buga katinsa, a akwatin Jamus zan duba. Ta jawo shi daga ƙarƙashin tebur, ta ba ni kujera, na zauna ina turawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, cocina da gadoji da hotunan sojoji, har yatsuna suka yi baƙi da ƙura.

Yana kusa da ƙarshe. Baƙi da fari ne, an rubuta “Die Steinklopfer” a ƙasa da sunan Courbet da na gidan zanen Dresden, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, bayan a rabe yake, akwai gaisuwa gajera da Jamusanci da fensir. Na sa gilashi a kai nan take. Facin wandon tsohon ya fito, igiyar da ta riƙe wandon yaron ta fito, har cokalin da ke jikin tukunya ana gani. Ta faɗi kuɗin da ya ninka abin da na saba biya sau da yawa, domin ta san abin da ke hannunta, ni ma ban yi ciniki ba.

A shagon da ke gefe na sayi ledoji na musamman marasa cin takarda, domin ledar kasuwa takan manne wa tawada, danshi da rana kuma su ne maƙiyan kati. Da farko bisa sunan mai zane na jera su. Yanzu na sauya, ina bin shekarar hatimin gidan waya, saboda ta haka nake ganin lokacin da aka raba bayan kati, da lokacin da L'Angélus ya shiga Louvre, da lokacin da yaƙin 1914 ya zo kan sarki ya ɓace daga katunan sojoji, waɗanda aka yafe wa kuɗin aikawa. Irin waɗannan nake nema yanzu: katin masu kala ko masu girbi da soja ɗan ƙauye ya aika gida daga fagen daga. Mai rumfar Marigny ta rubuta buƙatata a littafinta, ta ce suna fitowa lokaci-lokaci idan magada sun kawo albam ɗin kakanninsu.